Daga Winnipeg: 'yata ta san Louis Riel amma ba ta san tashe ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya yara. Masu tambayar biza da kuɗin haya ku yi haƙuri zan zo kansu, yau dai maganar makaranta ce tunda kowa sai ya ce min wai me ya kai ki saka yarinya makarantar Faransanci alhali garinku Turanci ake.

Nan Kanada harsunan gwamnati biyu ne tun 1969, kuma akwai makarantun gwamnati, kyauta, da ake tsoma yaro cikin Faransanci tun ajin share fage, lissafi da shi, waƙa da shi, ko fitsari za ta je sai ta nemi izini da shi. Wasu iyaye masu jin Turanci ne suka faro abin a Saint-Lambert kusa da Montreal a 1965. Ni da na ɗauka yare kawai za ta koyo, ashe yare ba ya zuwa shi kaɗai.

Watan Fabrairu, sanyin nan da yake kaiwa 30 ƙasa da sifili, wanda in kika fita gashin hancinki ma sai ya daskare, aka kwashe su zuwa bikin Festival du Voyageur a unguwar Saint-Boniface, sai da na saka mata wando uku da safa biyu ina ta mita. Ta dawo da jan ɗamara a ƙugu, hannu duk danƙo, wai an zuba ruwan zaƙin bishiyar maple a kan ƙanƙara sun naɗe da tsinke sun sha, tana ta ba ni labarin 'yan kwale-kwale masu fataucin fatu da Louis Riel jagoran mutanen Métis, ruwa biyun 'yan asalin ƙasar da Turawa, da yadda aka kafa lardinmu Manitoba a 1870. Wallahi ni ban sani ba sai a bakinta.

Ran 30 ga Satumba kuma rigar ruwan lemo suke sakawa, don tuna yaran 'yan asalin ƙasar da aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana aka hana su yarensu. Tana faɗa min sai na tuna firamarenmu, in ka yi Hausa a aji monita ya rubuta sunanka wai ka yi banakula, bulala ko tara. Har yanzu ina jin wasu makarantun kuɗi na yi, iyaye kuma har murna suke yaro ba ya jin Hausa.

Abin da ya ƙona min rai, malamarsu ta ce kowa ya kawo wani abu na al'adar gidansu, yarinyar nan ta dube ni ta ce Mama mu menene namu? Da ɗiyar ƙanwata ta Maraɗi hira suke da Faransanci ba kama hannun yaro, amma Hajiya in ta kira daga Katsina daga "ina kwana" sai shiru. Yanzu kullum da dare sai na ce ga ta nan ga ta nanku, ta ce ta zo mu ji ta, Gizo da Ƙoƙi muke kai, tashe sai azumi ya zo in nuna mata.

Maganar biza dai takardu ne da jira, sai wani karon. A gaishe min da kowa.