Tsatsar da ke hana ƙarfe cinyewa a wuta

Jiya na tsaya ina kallon wayar hita ta yi jajir, sai tunani ya zo min, wai ya akayi wannan siririyar waya take shan wuta kullum shekara da shekaru bata cinye ba, alhali ƙarfen da maƙeri ya zaro daga wuta yana duka kana ganin baƙin ɓawo na zuba ƙasa kamar ƙaiƙayi. Ɓawon nan fa tsatsa ce, zafi ne kawai ya ƙara mata gudu. Ƙarfe zalla in ya haura digiri 570 a ma'aunin Salshiyas ɓawon da yake yi baya tare komai, sai dai yayi ta kauri ƙarfen na ƙarewa a ƙarƙashi.

Abinda ya fi burge ni shine masana basu hana tsatsar ba, zaɓa mata iri sukayi. In aka zuba wa ƙarfen wani ma'adani da ake kira kiromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi yake riga ƙarfen kama oksijin, sai yayi wata 'yar fata da ido baya gani ta toshe hanya ruf, ko an karce ta sake fitowa take. Wani masanin ƙarfe, Harry Brearley, ya dace da wannan haɗi a Shefil ta Ingila a 1913, kuma bututun bindiga yake nema wa magani lokacin. Yau akwai samfurin wannan haɗi da ake kira 310 mai kiromiyom kashi 25 da nikel 20, yana jure wajen digiri 1100.

Amma kiromiyom ɗin ma yana da lagonsa, tururi. In iskar da laima a zafi mai tsanani fatar bin iska take a hankali, shi yasa aka koma ga alminiyom, wanda shi ma yake yin tasa fatar da ta fi jure hakan. Wayar hita ta kamfanin Kanthal na ƙasar Suwidin, mai kiromiyom wajen kashi 22 alminiyom 5 zuwa 6, har digiri 1400 tana kaiwa.

Ni dai a ganina gwajin gaskiya shine kunnawa da kashewa. Ƙarfe ya buɗe da zafi ya tsuke da sanyi, fatar kuma bata binsa daidai, sai ta tsage ta ɓamɓare, kowace sabuwa kuma daga ajiyar alminiyom ɗin cikin ƙarfen take ci, ran da ya ƙare shikenan. Maganin kuwa ɗan mitsitsin ma'adanin itiriyom ko seriyom ne da ake zubawa a haɗin, ko kashi 1 bai kai ba, amma shi ke riƙe fatar gam da jikin ƙarfen.