Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kalmar Auta ta Farko

A makon jiya mun tsaya a ranar da ƙanina ya kawo mana kwamfutar hannu daga Abuja, ta gwanjo, gilashinta da ɗan tsagu a gefe. Lokacin ɗana Auta yana da shekara 6, bai fara magana ba, shekara uku ke nan da likita ya ce mana lalurar galahanga ce.

Kafin zuwanta da katuna muke fama, tsarin PECS da aka fara a Amurka a 1985, inda yaro ke miƙa hoton abin da yake so a ba shi. Wannan kuwa da ka taɓa hoto sai ta furta kalmar. Matsalar ita ce manhajar da aka sa mana Turanci kawai take yi, mu kuwa nan Unguwar Rogo da Hausa muke kwana muke tashi. Sai Malamarsa ta nuna mini inda ake naɗar murya. Ta ce kada in sa tawa, a nemi ta yaro namiji, tunda bakin Auta za ta zama. Yayansa ya shiga ƙarƙashin bargo cikin sanyin Disamba na Jos, don kada ƙarar janaretan maƙwabta ta shiga, yana faɗa ɗaya bayan ɗaya: so, ƙari, tsaya, je, a'a, taimaka, zafi, sanyi. Ni da sunayen abinci na so mu fara. Malama ta ce "ayaba" sai ranar da aka sayo ayaba, "ƙari" kuwa tana aiki a kan kunu, a kan lilo, a kan goyo.

Hajiya, surukata, ba ta yi na'am ba. "In akwati ya yi masa magana, yaushe zai buɗe baki?" Malama ta durƙusa ta ce, "Hajiya, binciken da aka yi bai nuna tana hana magana ba, wasu yaran ma ita ke jawo musu ita."

Kuskuren daga wajena ya zo. Sai in kama yatsansa in danna, ina ta "ina kofi? nuna mini kofi", har ya tsani kwamfutar, ya wurgar da ita bayan kujera. Da na kai kuka, Malama ta ce, "Maman Auta, jariri yakan shekara yana sauraro kafin ya ce Mama. Ke za ki fara magana da ita, shi ya gani." Ta kuma gargaɗe ni kada in sauya wa hotuna wuri, domin hannu ma yana haddace hanya. Haka na koma ina zuba shayi ina danna "zafi", ina buɗe ƙofa ina danna "je", ba na tambayarsa komai. Wata biyu cur ko kallona ba ya yi.

Wata safiya na haɗa ruwan wanka, ashe bai yi ɗumi ba. Da can ihu zai yi ya ciji hannunsa. Ran nan sai ya zame, ya je kan tabarma, na ji muryar yayansa: "A'a." Ya sake: "A'a. Sanyi."

Na ajiye soso na mayar da tukunya kan wuta, hannuna na rawa. Hajiya daga kan dardumarta ta ce, "To, kin ji abin da ya ce. A ƙara masa ruwan zafi."

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan kawo yadda muka yi ranar da ya fara zuwa Islamiyya da kwamfutar a rataye.