Yadda ake tilasta wa zoben benzin biyu su zauna kan juna

Zoben benzin biyu ba sa son kusantar juna fiye da angistirom 3.4 (angistirom ma'aunin tazara ne tsakanin atom), kusan tazarar da ke tsakanin shimfiɗun girafait. A cikin sinadarin da ake kira [2.2]parasaiklofen kuwa, gada biyu masu kabon bibbiyu sun ɗaure su har tazarar ta koma 3.09 a tsakiya, 2.78 a bakin gada, kowane zobe ya lanƙwashe kamar kwalekwale. Masana sinadarai Brown da Farthing suka fara samun sa a 1949, Cram da Steinberg suka haɗa shi da gangan a 1951, sannan a 1979 Boekelheide ya kai abin maƙura da sinadarin sufafen, mai gada shida maimakon biyu.

Shawarata ga ɗaliban kimiyyar sinadarai a Jos: kada ku nemi rufe wannan ƙaramin keji na zobba biyu da gadojinsu kai tsaye. A fara gina mai faɗi da farar wuta (S) a cikin gadojin, daga baya a zare ta, kejin ya tsuke da kansa.

Ana haɗa C6H4(CH2Br)2 da C6H4(CH2SH)2, dukansu na para (wato rassan biyu suna ɓangarorin zoben da ke fuskantar juna), daidai wa daida, misali milimol 10 kowanne a cikin toluwin mililita 200. Wannan ake ɗigawa cikin lita ɗaya ta itanol mai KOH, ƙarƙashin naitirojin, tsawon kwana biyu zuwa uku. Nan ne aikin yake yawan lalacewa. In ɗigon ya yi sauri, bakin sarƙa zai kama na maƙwabciya maimakon ya juyo ya kama wutsiyarsa, sai a tarar da farin gari na folima, wato dogayen sarƙoƙi, da ba ya narkewa a komai. In iska ta shiga, SH biyu su manne su zama S–S, lissafin daidai wa daida ya rushe. In wuta ta ɗauke cikin dare, abin motsawa ya tsaya alhali mazurari na ci gaba da ɗiga, nan ma folima ce. A ɗora famfon sirinji da abin motsawa kan inbata guda. A kuma tuna Jos na kan tudu, kusan mita 1,200, don haka itanol zai tafasa ƙasa da digiri 78. Bromaid ɗin, wato C6H4(CH2Br)2, yana sa hawaye sosai, kada a buɗe shi sai cikin akwatin zuƙe hayaƙi.

Daga nan a mayar da S zuwa SO2 ta amfani da H2O2 cikin asid na asetik, a busar sarai, a ratsa shi ta bututun kwaz mai zafin digiri 500 zuwa 600 bayan an zuƙe iskar ciki. SO2 zai fice, kabon ya kama kabon. Kada zafin ya wuce kima, domin wajen 680 kejin kansa yake tsagewa, wanda da haka ake yin siririn rufin roba da ake kira Parylene.

Hujja tana wurin NMR, gwajin maganaɗisu da ke nuna tsarin sinadari: haidirojin zoben zai bayyana wajen 6.5 a ma'auninsa maimakon 7.05 na para-zailin mai zobe ɗaya, saboda kowane zobe yana cikin inuwar maganaɗisun ɗan'uwansa, na gadojin kuma wajen 3.1.