Yadda na ƙona ai-sin 6526 wajen haɗa kwamfutar Commodore 64 da layin RS-232

Har yanzu idan na tuna waya uku da na jona a daren nan sai raina ya ɓaci, domin da na taɓa su da mitar awon lantarki na minti ɗaya, da ban yi asarar da na yi ba. Burina shi ne in riƙa tura fayiloli daga wata tsohuwar kwamfuta mai mashigar siriyal zuwa Commodore 64 ɗina, kuma da na ga littafin na'urar ya ambaci RS-232, wato ƙa'idar da mashigar siriyal ke bi wajen aika bayanai ta waya, a bayanin mashigar baya da ake kira User Port, sai na ɗauka harshensu ɗaya. Tsarin jeranta bayanan kam ɗaya ne, amma ƙarfin lantarkin ya sha bamban.

Mashigar Commodore tana aiki ne tsakanin sifiri da volt 5. Shi kuwa ainihin RS-232, wanda ya fito tun 1960, yana nuna lamba 1 da volt 3 zuwa 15 ƙasa da sifiri, lamba 0 kuma da volt 3 zuwa 15 sama da sifiri. Wato ban da yawan ƙarfin, har ma'anar a juye take. Wayar da na ɗauko daga ƙafa ta 3 ta filogin DB-9 na tsohuwar kwamfutar tana zaune ne wajen volt 12 ƙasa da sifiri ko ba a aika komai, ni kuma na kai ta kai tsaye kan ƙafafun B da C na mashigar Commodore, waɗanda babu abin da ya raba su da ai-sin CIA 6526, ƙaramin sashen lantarki da ke kula da mashigar.

Babu hayaƙi, babu ƙara. Allon ya fito shuɗi kamar kullum, sai da na nemi faifai na ga na'urar faifai ta 1541 ta daina amsawa, na ɗora yatsa a kan ai-sin na ji zafin da ya sa na janye hannu. A nan na fahimci cewa wannan 6526 ɗin da ke kula da mashigar baya ita ce kuma ke magana da na'urar faifai. An daɗe da daina ƙera ta, don haka sai da na yi makonni kafin na ciro wata daga allon cikin wata matacciyar na'ura, ga wahalar narkar da dalma a ƙafafu 40 ba tare da na ɗaye layukan tagulla ba.

A karo na biyu na sa MAX232 a tsakani, wato ai-sin da ke daidaita ƙarfin lantarkin ɓangarorin biyu. Na fifita ta a kan tsofaffin MC1488 da MC1489 saboda MC1488 tana neman wutar volt 12 ta sama da ta ƙasa da sifiri, alhali MAX232 tana amfani da kafasita, wato ƙananan ma'ajiyan caji, ta samar wa kanta kusan volt 10 ta kowane ɓangare daga volt 5 kaɗai, tana kuma juya siginar. Wurin da ya kamata a buɗe ido shi ne kafasitan ƙafa ta 6: ƙafarsa mai alamar + ita ce ke zuwa layin ƙasa, wato na sifirin volt, saɓanin abin da hannu ya saba, tunda wutar wurin ƙasa da sifiri take.

Wannan karon ban yarda allon MAX232 ya kusanci Commodore ba sai da na auna ƙafarta ta 2 da ta 6, sannan na jona ɗaya kwamfutar na tabbatar ƙafa ta 12 ba ta haura volt 5 ba, ba ta kuma sauka ƙasa da sifiri ba. Na rubuta "sama" a jikin filogin User Port, domin yana shiga ko a kife. Haruffan farko sun iso lafiya a gudun bit 1200 a daƙiƙa, amma ko da suke bayyana, yatsana na kan sabuwar 6526 ina sauraron ko za ta ɗauki zafi.