Kafin ka danƙa wa Excel makin ɗalibanka

Duk wanda ya taɓa zama fom masta a Gombe ya san yadda makon ƙarshe na zango yake: yara sun haura sittin, darussa goma sha wani abu, kowanne da makin gwaji da na jarabawa, shugaban makaranta kuma yana ta aike a kawo sakamako. Shi ya sa nake murna idan na ga ƙannenmu masu NCE sun fara aiki da laftof a jaka, ko da WPS Office ko Google Sheets a waya. Sai dai ina so ku ji inda ni na yi tuntuɓe.

Da farko injin buga takarda na mayar da Excel, manhajar nan ta jera lambobi a gidaje da yin lissafi. In haɗa maki a kalkuleta, sannan in rubuta jimlar a gidanta. Da malamin wani darasi ya gyara makin yaro ɗaya, sai in koma farko. Alhali =SUM(C2:E2), wato a haɗa makin da ke gidajen C2 zuwa E2, kawai zan rubuta a layin farko, in kama kusurwar gidan in ja ƙasa, aji duka ya haɗu. Wannan ɓata lokaci ne kawai, bai cuci kowa ba.

Wanda ya cuci mutum shi ne na jerawa. Na so in ga wa ya zo na ɗaya, sai na haskaka layin jimla shi kaɗai na ce a jera daga babba zuwa ƙarami. Wani gargaɗi ya fito yana tambaya ko a haɗa da sauran layukan, ban tsaya karantawa ba na danna. Lambobi suka jeru tsaf, sunaye kuwa suna nan inda suke. Yaron da sunansa ya fara da A ya tashi da makin wata yarinya da duk makarantar ta san ƙwazonta, ita kuma ta koma can tsakiya. Har an cika takardun sakamako. Mahaifiyarta ce ta zo da takardun gwajin yarinyar a leda, ta ce, "Malam, don Allah a sake dubawa, ko dai ido ne ya yi kuskure." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Tun daga nan ba na jera komai don fitar da matsayi. RANK nake amfani da shi: =RANK(F2,$F$2:$F$61). Ku lura da alamar dala ɗin nan, ba ado ba ce. Ita ke ƙulle jerin da ake gwada yaro da shi. In babu ita, kana jan fomula ƙasa jerin yana zamewa, har yaron ƙarshe ya zama da kansa kaɗai ake gwada shi, ya zo na ɗaya. Kuma ku sani, idan biyu suka yi kunnen doki a na uku, mai bi musu na biyar zai zama. Ku shirya wa iyaye wannan bayanin, don za su tambaya.

Sai maganar yaron da bai zauna gwaji ba. AVERAGE, fomular fitar da matsakaicin maki, yana tsallake gidan da babu komai, amma yana ƙirga sifili. Wanda zazzaɓi ya kwantar, in ka sa masa sifili ka ja shi ƙasa, in ka bar gidan fayau ka ɗaga shi. Wannan hukunci na makaranta ne, ku tambayi shugabanku kafin ku zaɓa. Lambar wayar iyaye kuma, mayar da layin na rubutu tukuna, in ba haka ba sifilin farko na 080 zai ɓace. Haɗe gidaje don kwalliya, ku bar shi sai ranar bugawa.

Abin da na makara ban gane ba shi ne amfaninsa a tsakiyar zango. Da na fara shigar da makin gwajin lissafi tambaya bayan tambaya, sai na ga kusan ajin duka a tambaya guda suka faɗi, ta kason ɗari. Ashe darasin ne bai shiga ba, na sake shi. Na kuma sa yara su riƙa kawo farashin kwanon masara da na wake daga kasuwar unguwarsu duk mako, 'yan Pantami da nasu, 'yan Bolari da nasu, mu shigar mu zana jadawali. Gardamar dalilin tashin farashi ta cinye mana rabin darasi, ban kuwa hana su ba.

Yanzu kafin in buga, nakan ɗauki yara uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, in haɗa makinsu da biro in gwada da na allo. Sannan in ajiye kwafi a filash, in tura wani ta imel ɗina, don laftof ɗin da wuta ke ɗaukewa tana dawowa a kansa ba wurin ajiyar makin zango ba ne shi kaɗai.