Duniyar gem ɗin da na zaɓa in zauna a ciki

Maganar ta taso ne a majalisarmu ta ƙofar gidan gem ɗin unguwa, nan Gwale, wani ya ce idan aka ce ka zaɓi duniyar gem guda ɗaya a jefa ka ciki ba fitowa har abada, wacce za ka ɗauka. Baba mai shayi yana jin mu ya ce ku dai samari ku yi hankali, dawwama sai lahira, muka ce haka ne Baba, hira ce kawai. Amma ni abin ya tsaya min a rai, sai na ce bari in gwada da gaske, in dinga shiga kowace duniya ina zama kamar ɗan gari, ba mishan ba harbi, in ga ko za ta zaunu.

Da GTA San Andreas na fara don a kansa muka taso, tun zamanin PS2, gem ɗin 2004 ne amma har yau akwai yaran da ke yin sa a waya. Na ɗauki CJ, jarumin gem ɗin, na fita daga unguwarsu Grove Street a ƙafa, na je aski, na ci abinci, na tsaya a danja kamar mutumin kirki. Wallahi ban yi nisa ba na ga mota ta hau kan wata mata a gefen titi, can gaba ’yan daban Ballas sun buɗe wuta, ’yan sanda na bin wani da gudu. A nan na fara gane abin, idan zama za ka yi ba kai ne CJ ba, kai ne wancan mai tafiya a gefen titin da kowa ke takawa ya wuce. Daga ranar duk duniyar da na shiga, talakan cikinta nake fara dubawa, ya yake kwana ya yake tashi.

PUBG da Free Fire ban ɓata lokaci a kansu ba. Mutum 100 jirgi ya zubo ku a Erangel, tsibirin PUBG, fili na ta matsewa, gidaje reras amma ko tukunya ɗaya babu a kan wuta. Masu cewa eFootball, gem ɗin ƙwallo, kuma na tambaye su idan an tashi daga wasa ina za su kwana.

Wanda ya kusa tafiya da ni shi ne Assassin's Creed Mirage na 2023, a PS4 ɗin wani abokina na yi shi. Bagadaza ce ta zamanin Abbasiyawa, wajen shekarar 861, da zagayayyen birninta da Baitul Hikma inda malamai ke ta fassara littattafai. Ina kan wani soro kawai sai na ji kiran sallah ya tashi a cikin gem ɗin, na ajiye pad na yi shiru, tsikar jikina ta tashi, don ban taɓa jin gem ya girmama abin da yake namu haka ba. Kasuwanninta lungu-lungu ne kamar kana ratsa Kurmi, ga masu kayan ƙamshi ga masu darduma. Na daɗe ina yawo ba na taɓa kowa. To amma da zama ya yi zama sai na ga birnin na kallo ne, an kira sallah amma ba sahun da zan shiga, ɗan kasuwar nan maganar da ya faɗa jiya ita zai faɗa gobe, ko bulo ɗaya ba zan iya ɗorawa in ce nan ne ɗakina ba, kuma Basim, jarumin gem ɗin da nake riƙe da shi, rayuwarsa duk a kan wuƙa take. Na fita ina son garin, har yanzu ina son sa.

Sai Minecraft, wanda da nake wa kallon gem ɗin yara saboda komai nasa murabba'i ne. Ƙanina ne ya saka min a waya a Farm Centre ya ce Yaya gwada wannan. Kamfanin Mojang na Suwidin ne ya yi shi, ya fito cikakke a 2011, Microsoft ta saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma babu wani labari da aka ɗora maka dole, ƙasa ce aka ba ka a ce ka san yadda za ka yi. Yini da dare gaba ɗaya minti 20 ne. Na sari itace, na haƙa rami na kwana a ciki, na shuka alkama a bakin ruwa, na samu saniya ina tatsa da bokiti. Da na gano tun 2022 an saka tubalin laka sai na fara gina gidan ƙasa mai zaure da soro da zanko, na zagaye shi da katanga. Wani dare creeper, wani dodon gem ɗin mai fashewa kamar bam, ya zo ya fashe a jikin zauren, rabinsa ya tafi, abin ya yi min ciwo sosai don da hannuna na jera shi. Nan na koyi cewa fitila ake zubawa ko'ina saboda a duhu suke fitowa, kuma a ajiye kyanwa don tsoronta suke.

Duk da haka ni kaɗai ban ji daɗin zaman ba. Gida ya yi kyau, rumbu ya cika, amma ba mai yin sallama. Mutanen ƙauyen cikin gem ɗin ciniki kawai suka sani, ka ba su kaya su ba ka emerald, koren dutsen da suke ciniki da shi. Sai da muka haɗa kuɗi mu ’yan majalisa muka buɗe duniya ɗaya da kowa zai iya shiga, sannan wurin ya zama gari. Ɗaya ya ɗauki aikin badala da ƙofofi, wani ya tara ƙasa ya ce Dala ce, ƙanina ya jera tukwanen rini da shuɗin ruwa ya ce ga Ƙofar Mata, ni kuma na riƙe gona da dabbobi, har raƙumi na jawo daga ƙauyen hamada tunda an saka su a 2023. Rigima ma mun yi, wani ya kwashi ƙarfe a akwatin wani bai faɗa ba, aka zauna aka sasanta, aka sa doka cewa ba a taɓa kayan mutum sai da izini kuma duk lokacin sallah kowa ya ajiye waya.

Don haka Minecraft na zaɓa, amma da sharaɗin mutanena suna ciki, in babu su ban zaɓe shi ba. Abin da ya rage min a rai shi ne babu gero babu dawa, ga nono amma ba fura, burodi kawai ake ta ci. Data ma tana tafiya, in an ɗauke wuta kuma sai an kai caji. Yanzu dawakai muke horarwa muna ɗaura musu sirdi, so muke idan sallah ta zo mu yi hawa daga ƙofar gari har gindin Dala, filin sukuwar ne bai gama baje ba tukuna.