Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda Ake Tada Tsohuwar Gonar Inabi a Kafadokiya

Makon jiya mun tsaya a zamana na ƙauyukan Urgub, a yankin Kafadokiya na Turkiyya. Yau aikin gonar kansa za mu shiga.

Kurangar inabi da aka yi watsi da ita shekaru ba a yi mata garaje. A ƙarshen hunturu, kafin ido, wato inda sabon toho ke fitowa a reshe, ya fashe, ake datse busassun rassa, a bar manyan rassa uku ko huɗu a kan kututture, kowane da ido biyu. Wanda ya bar rassa da yawa don kwaɗayin 'ya'ya, ganye zai samu da inabi mai tsami. Inda wata ta mutu ta bar gurbi, sai a lanƙwaso dogon reshe daga maƙwabciyarta, a binne tsakiyarsa kamar santimita 40, a bar kansa a waje. Bayan shekara biyu ya yi saiwa, a yanke shi daga uwarsa. Takin gargajiya a can kashin tattabara ne, shi ya sa za ka ga ɗakunan tattabaru a sassaƙe jikin duwatsu. Cutar da ke kama ganye kamar farar ƙura kuwa garin farar wuta ake barbaɗa mata da sassafe, domin a tsakar rana mai zafi ƙona ganyen yake yi.

A watan Satumba ake tsinka. Wasu giya suke yi da ruwan, amma gidajen da na zauna pekmez suke dafawa, wato ruwan inabi da aka ƙafe har ya yi kaurin zuma. Ana zuba inabin, galibi wani baƙin iri da ake kira Dimrit, a kwamin da aka fafe cikin dutse, a tattake, ruwan ya gangara ta wata kafa zuwa ƙaramin rami.

A nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. Ruwan ba ya jira: in aka bar shi cikin ɗumi ba a ɗora a wuta ba, sai ya fara kumfa, sukarinsa ya soma komawa barasa. Don haka ranar da aka tattake ake zuba masa wata farar ƙasa mai alli, kilo 1 zuwa 2 a lita 100, gwargwadon tsaminsa. Ita ke kashe tsamin, ta ja dattin zuwa ƙasa. A ɗumama, a kwashe kumfa, a sauke ya kwana. Da safe a tsiyaye na sama a hankali, kada a motsa lakar. In ƙasar ta yi kaɗan pekmez zai yi tsami, in ta yi yawa ya yi duhu da ɗanɗanon ƙasa.

Dahuwar irin ta mazarƙwaila ce: faffaɗan kasko, wuta mai ƙarfi, ludayi ba ya hutawa. Faɗin kaskon ke sa ruwa ya ƙafe da wuri. A tukunya mai zurfi daɗewa yake yi, ya yi baƙi, ya yi ɗaci. Ana gwadawa da ɗigo a faranti mai sanyi, in ya tsaya bai bazu ba ya nuna. Wanda aka sauke da wuri fumfuna yake yi a tulu. Kimanin kilo 5 na inabi ke ba da kilo 1.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga shanyar zabibi.